Takalman Jumare Mai Goro

Ni baduku ne, sunana Harouna, kuma ba na ɓoye wa kowa cewa ina da baƙar zuciya. Shekara arba'in da 'yan kai ina zaune a unguwar Treichville, nan babban birnin ƙasar bakin teku, gindin wata katanga kusa da masallaci, ina ɗinkin takalman mutane ina yi musu faɗa. Wanda ya kawo mini aiki ya san zai sha magana, amma ya san ɗinkina ba ya warwarewa. A cikin duk waɗanda suka sha masifata babu kamar Malam Jumare, kuma shi kaɗai ne na cuta da gaske.

Jumare Bafulatanin gari ne daga Ƙaura Namoda, ni kuwa Babarbare ne daga Gure, to ka san tsakaninmu sai tsiya. Idan ya tunkaro sai in ce, "Ga bawana nan, Bafulatanin da bai mallaki ko akuya ba." Shi kuma ya ce, "Ubangidanka ya iso, tashi ka ba shi benci." To iyakar surutunsa ke nan fa. Daga nan sai ya zauna tun saukowa daga Juma'a har la'asar yana kallon hannuna, ba uhm ba uhm-uhm. Wani lokaci har haushi yake ba ni, in ce, "Malam, ko bakinka ma ɗinki yake so?" Sai ya yi murmushi ya ɓare goro ya miƙo mini rabi.

Goro ne sana'arsa, amma ba irin ta manyan alhazan da ke zaune a rumfa a garin Anyama suna jiran a kawo musu ba. Shi mai bin gonaki ne. Yakan hau gbaka, wato ƙananan motocin hayan nan namu, daga unguwar Adjamé zuwa Anyama, daga can ya sake wata motar, ta sauke shi inda kwalta ta ƙare, sannan ya kama daji da ƙafa. Akwai wani ƙauye na 'yan ƙabilar Attié da ya riƙe shekara ashirin da shida. Ba zan faɗi sunansa ba, don mutanensa suna nan da ransu. Kwana uku yake yi a can duk mako idan goro ya nuna, yana zagaya gonaki, yana saye ɗan kwando-kwando, a tara masa a bakin hanya mota ta kwasa.

Takalmansa kuwa wasu manya ne masu rufe idon sawu, na ma'aikatan tashar jirgin ruwa. Ya saye su ne bayan maciji ya sare shi a wata gona ya yi wata biyu a kwance. Da ƙasansu ya cinye sai ya kawo mini, na sa musu tayar mota. Ranar kuwa guntayen taya biyu ne suka rage mini, ba iri ɗaya ba. Na dama zanensa a karkace yake, na hagu kuma layi-layi a miƙe. Na ce masa ya yi haƙuri, in ya dawo zan daidaita. Da ya dawo sai ya ce kada in kuskura. Ashe matan ƙauyen sun gane sawun. Ƙasar can ja ce mai laka, ba ta ɓoye komai. Da safe idan suka fito zuwa rafi suka ga sawu ɗaya a karkace ɗaya a miƙe, sai su ce Baba Goro ya shigo. Shi kuma sai ya wuce abinsa har gona ta ƙarshe bai yi wa kowa magana ba, kafin ya juyo kowa ya fito da kwandonsa bakin turba yana jira. Shekara goma sha huɗu ina yawon neman irin tayoyin nan biyu a wajen masu faci saboda mutum ɗaya.

Bari in faɗa maka abin da ya sa hanyar nan ta zame masa rai. Matarsa Huseina ta rasu a shekarar casa'in da biyar. 'Yarsu ɗaya ce, Ni'ima, ta yi aure a garin Bouaké, can arewa da mu, kuma ita Faransanci ya fi mata sauƙi a baki, shi kuwa nasa Faransancin na ciniki ne kawai. Idan ta kira shi a wayar mai shagon ƙofar gidansu, minti biyu sun gama, kowa ya rasa abin cewa. Yana zaune a ɗaki ɗaya a wani gidan haya a Adjamé Liberté, gida mai ɗaki goma sha takwas, yara na ihu, rediyo na ihu, amma ba wanda zai ɗaga labulensa ya ce, "Baba, ka ci abinci?" Na taɓa zuwa sau ɗaya da ya yi zazzaɓi. Tabarma, buta, akwati, da kwanon Huseina a kife a kan akwatin. Wallahi ban iya zama ba, na ce masa ina da aiki na fito.

A ƙauyen nan ne yake da mutum. Wani tsoho ne manomi, Yapi, wanda ya fara ba shi masauki tun zuwansa na farko. Yapi ba Musulmi ba ne, bammi yake sha kamar ruwa, amma ya ware wa Jumare tukunya guda wadda ba a taɓa dafa naman alade a ciki ba, kuma ya hana kowa taɓa ta. A gindin wata bishiyar goro a gonarsa ya share wuri ya ce nan ne masallacin Jumare. Na tambaye shi, "Me kuke cewa, kai da ba ka jin yarensa?" Ya ce, "Ba ma cewa komai. Zama muke yi." Ni kam ban gane ba a lokacin. Abin da na gane dai, idan ya dawo daga can fuskarsa a sake take, idan kuwa damina ta tsare shi a gari sai ka ga yana ramewa kamar mai ciwon ciki.

A watan takwas na shekarar dubu biyu da biyu ya kawo mini takalman karo na ban san nawa ba. Na duba, na juya. Fatar ta ruɓe. Inda duk na soka basilla sai wurin ya yage ya bi zare. Ranar kuma raina a ɓace yake, wani ɗan iska ya zubar mini da gam. Sai na wurga masa su a gabansa.

"Malam, wannan ba takalmi ba ne, mushe ne. Ka kai shi bola."

"Ka ɗan lallaɓa, Harouna. Kakar bana kawai."

"In lallaɓa me? Iska zan ɗinka? Shekara goma sha huɗu! Ko jaki ne ai ya isa a sallame shi. Gobe ka jira ni a Roxy, can wajen kasuwar Adjamé, ni zan zaɓa maka da hannuna, don na san in aka bar ka kwali za su sayar maka."

Washegari na rufe aiki, abin da ba na yi ko ranar salla sai da ƙyar, na haye gada na same shi a Roxy yana tsaye a gefen titi, 'yan kamashon gbaka na ta bangazarsa. Muka shiga layin 'yan gwanjo. Na ɗaga wannan na yar, na ɗaga wancan na zagi mai shi. Can a ƙasan wani tuli na hango su. Baƙaƙe, dogaye, irin na soja da ake kira ranjas. Kai! Fata ce ta gaske, mai kauri, ɗinki biyu-biyu, ƙasan kuwa ko gezau bai yi ba, haƙoransa tsaye cur. Na shinshina, na lanƙwasa, na ce, "Wannan sai dai a gaje shi." Jumare ya sa ƙafa, ya zauna daram.

Muna fitowa ya ce, "To sai ka cire ƙasan ka sa mini tayata."

Na tsaya cak a tsakiyar kasuwa. "Ka ce me? In ɓamɓare wannan in liƙa tayar mota? Malam, kana da hankali kuwa? Ka je ka nemi wani mahaukacin baduku, ba dai ni ba."

"Matan can sawun suka sani."

"Sai su koyi sabo! Idanunsu a rufe suke? Ka buɗe baki ka yi sallama kamar kowa mana."

Ya rungumi takalman ya kama hanyar gida. Haka yake, in ka ɗaga masa murya sai ya ba ka gari. Ni kuwa na koma Treichville ina jin daɗin kaina, wai na yi wa bawana gata.

Bayan wata guda aka wayi gari da harbe-harbe. Yaƙi ya ɓarke, ƙasa ta rabu biyu, Bouaké ta faɗa ɓangaren 'yan tawaye, ko muryar Ni'ima ta minti biyu ta yanke. Mu masu dogayen riguna da sunayen arewa muka zama abin tuhuma a nan kudu. Ko'ina shinge, ko'ina a nuna takarda. Jumare ya yi mako bakwai a ɗaki. Goro ya nuna yana zuba a gonaki, shi yana kwance yana kallon kwano. Wata Juma'a ya ce mini, "Litinin zan tafi." Na ce masa ya bari ƙura ta lafa. Ya ce, "Can ai gida ne, wa zai taɓa ni?" Na yi masa faɗa a kan takarda, na yi masa faɗa a kan hula, na ce ya cire layar da ke damtsensa. Komai na tuna ban da takalmi. Shi kuma a jaka ya sa su saboda zafin mota, ya tafi da silifa, shi ya sa ko a shinge ba wanda ya gani. Sai da ya sauka inda kwalta ta ƙare ya zauna ya ɗaura su.

Abin da ya biyo baya daga bakinsa na ji, kuma sai da na yi wata uku ina tatsa kafin ya haɗu.

Ya shiga daji kamar kullum. An yi ruwa da asuba, turba ta yi laushi. Ya wuce rafi, ya zagaya gonaki shida, ya kai ta ƙarshe, ya juyo. Babu kwando ko ɗaya a bakin turba. Babu muryar mace, babu sara, ko hayaƙi babu. Ya ce a ransa tsoron yaƙi ne ya hana su fitowa. Bai san matan sun fito ba. Sun fito, sun ga sawun soja sabo fil ya ratsa ta bayan gari ya bi gona-gona, sun watsar da tuluna sun kwasa a guje suna kururuwar 'yan tawaye sun shigo. Aka kwashe yara da tsofaffi aka yi cikin kurmi da su. Samari suka ɗauki adduna da bindigogin farauta suka bi sawun.

Sun same shi yana sallar azahar a gindin bishiyar Yapi, takalman na ajiye a gefe. Yaran nan duk a gabansa aka haife su. Wanda ke gaba ma jikan Yapi ne, wanda Jumare ya sha kawo wa alewa daga Adjamé. Ba su bari ya sallame ba. Suka ɗaure shi da igiyar kwando, suka ja shi har dandalin gari, suka rataya masa takalman a wuya. Suna ta yi masa ihu: ina sauran? Wa ya ba ka takalmin soja? Shekara ashirin da shida kana ƙirga hanyoyinmu, ashe aikin da aka aiko ka ke nan? Faransancinsa na ciniki ya gudu ya bar shi. Ya ce mini abin da kawai ya iya faɗa shi ne, "Ni ne. Ni ne fa." Wani ya kwaɗa masa gindin bindiga a baki, haƙora biyu suka fita.

Sai ga Yapi an fito da shi daga kurmi, yana dogara sanda. Bai yi ihu ba. Ya zo ya zauna a ƙasa, a cikin laka, ya jingina bayansa da na Jumare, ya ce baƙonsa ne, duk wanda zai sare shi sai ya haɗa da shi. Aka yi ta cacar baki har rana ta karkata. A ƙarshe dattawa suka yanke cewa a sake shi, amma takalman a ƙone su, kuma kada a sake ganin ƙafarsa a ƙasarsu.

Yapi ne ya raka shi har bakin kwalta, su biyu, Jumare ba takalmi. Da suka isa sai tsohon ya cire nasa na roba ya ajiye masa. Ya riƙe hannunsa ya ce, "Yaran nan sun haukace, amma zai wuce. Kada ka zo sai na aiko." Jumare ya ce to.

Da ya zo mini da kumburarren baki da takalman roba, na tambaye shi ina ranjas. Ya faɗa mini a taƙaice. Na ajiye basilla. Na jira ya zage ni, ya ce ai na gaya maka. Da ya yi haka da na samu sauƙi, da na rama, da mun yi faɗa ya wuce. Bai ce ba. Bai kuma taɓa cewa ba. Ya zauna a benci ya ɓare goro, ya kasa tauna, ya miƙo mini duka.

A makon nan na ajiye aikin kowa. Na sayi fata mai kyau, na auna ƙafarsa, na ɗinka masa sababbi tun daga tushe, na bi masu faci har unguwar Koumassi na samo tayoyin nan biyu na sa. Ban taɓa yin aiki mai kyau irinsa ba, kuma ba na jin zan sake. Ya karɓa, ya yi godiya, ya kai ɗaki ya ajiye a kan akwati. Duk mako yana shafa musu man kaɗanya.

Daga nan sai jira. Ya koma zaɓen goro a rumfar wani alhaji a Adjamé, yana zaune yana ware manya da ƙanana, shi da ya saba cin kilomita ashirin kafin azahar. Duk motar da ta zo daga wajen Anyama sai ya tashi ya je ya tsaya kusa da direba, ba ya tambaya, yana dai tsaye ko za a ce an ba da saƙo. Ran Juma'a kuma da ƙafa yake tahowa daga Adjamé, ya ratsa unguwar Plateau, ya haye gada, wai don kada ƙafafun su manta. Idan ya zauna sai in ce, "Yaya?" Ya ce, "Bai aiko ba." Na daina kiransa bawana, don abin ya daina yi mini daɗi a baki.

Shekara biyar muna haka. A shekarar dubu biyu da bakwai aka ce an yi sulhu, shingaye suka ragu, mutane suka fara zirga-zirga. Na ce masa ya tafi. Ya ce ai an ce sai an aiko. A lokacin ƙafafunsa sun fara kumbura, yana hawa gada yana hutawa sau uku, likita ya ce zuciya ce. Wata Juma'a na ga ya kasa cire silifa da kansa don alwala. Nan fa zuciyata ta tashi.

"Malam, jiran me kake yi? Takarda mai hatimi? Tsohon nan ya fi ka shekaru, kai kuma ga yadda ka koma. So kake ɗayanku ya mutu ɗaya bai sani ba? Litinin za mu tafi, ni da kai, in sun ga dama su sare mu tare."

"Ya ce sai ya aiko, Harouna."

"To ni na aiko! Ka ɗauko takalmanka."

Da ƙyar suka shiga, sai da na sassauta igiya har ƙasa. Daga inda kwalta ta ƙare, tafiyar da ya ce yana yi a awa ɗaya muka yi a uku. Yana ta waige-waige, don yawancin gonakin goron an sare su an dasa itacen roba, layi-layi, turbobin da ya sani sun ɓace. Ba wanda ya tare mu. Wasu mata suka wuce mu da itace a ka, suka gaishe mu kamar yadda ake gaida kowane baƙo. Jikan nan na Yapi muka fara gani a ƙofar gida, ya zama magidanci har da tumbi. Da ya gane Jumare sai ya sunkuyar da kai, ya kawo kujeru, ya ce kakan yana bayan gida, amma mu yi haƙuri da abin da za mu gani, shekara uku ke nan tsufa ya tafi da hankalinsa.

Yana zaune a inuwa, an ɗaura masa zane, ya ƙanƙance. Jumare ya durƙusa da ƙyar ya kama hannunsa ya kira sunansa. Tsohon ya dube shi da fara'a, ya yi masa sannu da zuwa cikin ladabi, ya tambaye shi daga ina. Jumare ya ce daga Adjamé.

"Adjamé!" in ji Yapi. "Ina da aboki a can. Bahaushe ne, mai goro. Ka san shi?"

"Ni ne, Yapi. Jumare ne."

Tsohon ya yi dariya ya girgiza kai. "A'a, shi ƙaƙƙarfa ne, dogo. Kai ai tsoho ne." Sannan ya matso kamar mai faɗin asiri. "Na ce masa kada ya zo sai na aika. Kullum ina cewa zan aika, sai abin ya fita a kaina. In ka koma ka ce masa ya ƙara haƙuri, yaran ba su huce ba tukuna. Zan aika."

Na buɗe baki zan yi magana, Jumare ya ɗaga mini hannu. Ya ce wa tsohon, "Zan faɗa masa." Ya ja kujera ya zauna kusa da shi, suka yi shiru su biyu har la'asar. Ni na koma gefe na yi kukana, ban damu da wanda ya gani ba.

A mota muna dawowa na ce masa, "Mako mai zuwa sai mu sake zuwa. In yana ganinka a kai a kai zai tuna." Yana kallon taga, bai juyo ba.

"Ka ji abin da ya ce ai," in ji shi. "Ya ce in ƙara haƙuri."

Bai sake komawa ba. Wata bakwai bayan nan ya rasu a ɗakinsa, ranar Talata, ni kuwa ban ji ba sai Juma'a da na ga bai zo ba.